Hawayen Kallo Da Haƙƙin Maƙwabci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya yi mana baiwar ji da gani da zuciya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, an saba tambayar malamai ko kallon fim halas ne ko haram, kuma sun yi bayani mai gamsarwa game da tsiraici da tozarta lokacin salla. A wannan fitowa muna son mu tsaya kan wata tambayar da ba a faye yi ba. Hawayen nan da mutum yake zubarwa a gaban allo, mene ne matsayinsu? Tausayi ne na haƙiƙa, ko kuwa wani abu ne da ya ari rigar tausayi?

Dattawanmu sun san zamanin da ake biyan kuɗi a shiga gidan sinima marar rufi bayan isha'i, a kalli fim ɗin Indiya. Daga 1990, shekarar da aka yi Turmin Danya a Kano, sai kasakasan bidiyo na Hausa suka riƙa shigowa, ta Katsina zuwa Maraɗi, ta Daura zuwa Damagaram. Yau kuwa sinima ta shiga aljihu. An buɗe tashar Arewa24 a 2014, Netflix ta iso ƙasashen Afirka a 2016, kuma tun daga 2020 shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka mamaye wayoyin jama'a ta YouTube. Hajar da ake kasawa a wannan kasuwa guda ce, wato motsin zuciya: marainiyar da kishiyar uwa take gallaza wa, talakan da mai kuɗi ya wulaƙanta, matar da aka saka ba da laifinta ba.

Adalci ya wajabta mana mu fara da cewa waɗannan hawaye ba ƙarya ba ne. Duk wanda ya kalli Ar-Risala, fim ɗin Mustafa Akkad na 1976, ya ga wurin da aka ɗora wa Sayyidina Bilal dutse a ƙirji cikin zafin rana, ya san yadda maƙogwaro yake ɗaurewa. Zuciyar da take motsawa saboda zalunci tana da sauran rai, kuma bushewar zuciya ce abin zargi a addininmu. Saboda haka ba mu yarda a yi wa mai kuka a gaban fim dariya ba.

Sai dai kuma wannan tausayi yana da arha ƙwarai. Marainiyar fim kyakkyawa ce, an gyara mata fuska, an sa mata kiɗa mai taushi, an kuma tabbatar mana tun farko cewa ba ta da laifi. Ba za ta nemi ko dala a hannunmu ba, kuma da an kashe waya ta tafi. Marayan unguwa shi kuwa yana zuwa da ƙura da kaushi, wani lokaci da taurin kai, yana zuwa a sa'ar da ba a shirya masa ba, kuma gobe ma zai dawo. Hausawa suka ce: ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe. Ta haka ne mutum zai kwana yana jimamin yarinyar da babu ita a duniya, gari ya waye ya tsallake yaron da yake kwana a zaurensa bai ko dube shi ba.

Haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne rai ya ɗauka ya biya bashi. Mutum ya yi kuka, ya ji sanyi a ransa, ya shaida wa kansa cewa shi mai jinƙai ne, alhali babu cikin da ya ƙoshi ta dalilinsa. Ruwan da aka tanada domin shuka ya ƙare a kan dutse.

Akwai wani shiri na Koriya ta Kudu mai suna Squid Game, wanda Netflix ta fitar a 2021. Ba muna kira a kalle shi ba ne, domin cike yake da zubar da jini, amma ya zo da misali abin lura. Mutum 456 waɗanda bashi ya yi wa katutu ake tarawa su yi wasannin yara domin kuɗi, wanda ya faɗi a kashe shi, wasu attajirai kuma masu rufe da fuska suna zaune suna kallo don nishaɗi. Kowane mai kallo yana tsanar attajiran nan. To amma shi me yake yi a wannan sa'a? Wani zai ce ai a fim babu wanda ya mutu da gaske, kuma ya yi gaskiya. Abin tsoron shi ne sabo. A wayar nan guda aka ga hotunan ambaliyar daminar 2024, wadda ta rushe gidaje a Maraɗi, ta kuma kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram. Yatsan da ya saba ture labari ya jawo wani, haka zai ture gidan da ya rufta kan mutane, ya wuce zuwa abin dariya. Su kuma masu waɗannan dandamali sun tsara su yadda kashi na gaba zai fara da kansa bayan ƴan daƙiƙu, don kada a sami tazarar da tunani zai shiga.

Wani fim na gida ya fi kowane kusantar da tambayar. A 2021 A'isha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta fitar da Zinder, inda ta bi rayuwar samarin Kara-Kara, unguwar da aka daɗe ana ware wa kutare da waɗanda gari ya juya wa baya. Mutanen cikinsa ba ƴan wasa ba ne. Suna fasa dutse, suna safarar man fetur, kuma bayan fim ya ƙare suna nan inda suke. Wanda ya kalle su a Faransa yana da uzurin nisa. Wanda ya kalle su alhali tafiyar ƙafa ce tsakaninsa da su, mene ne uzurinsa?

Ma'aunin addini a nan a fili yake. Suratul Ma'un ta haɗa ƙaryata addini da tunkuɗe maraya da ƙin kwaɗaitarwa ga ciyar da miskini. Suratul Balad ta siffanta hanya mai wuyar hawa da ƴanta bawa da ciyarwa a ranar yunwa. A duka biyun, aiki aka ambata. Jinƙai yana farawa a zuciya, amma a hannu ake auna shi.

Mun san mai kwana kasuwa ko gona yana da haƙƙin hutawa, kuma ba mu ce kowane labari sai ya zama wa'azi ba. Abin da muke nema kaɗan ne. Idan wani wuri a fim ya taɓa zuciyarka, tsaya kafin kashi na gaba, ka tambayi kanka wa wannan ya yi kama da shi a danginka ko a unguwarku, sannan ka aika masa da ko mudun hatsi ne kafin zafin ya huce. Ka kwatanta abin da ka kashe wa intanet a wata da abin da ka bayar sadaka. Idan kuma da iyali aka yi kallo, a tambayi yara wa suka tausaya wa, a nuna musu irinsa a ƙofar gida.

Allah Ya tausasa zukatanmu ga na kusa kafin na nesa, Ya sa ganinmu ya zama hujja gare mu ranar da za a tambaye mu game da shi. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.