Abin da Ya Taɓa Hanci

A shekarar 2020, lokacin korona, ban san iyakar mutanen da na zura wa tsinken gwaji a hanci ba a asibitin da nake aiki a nan Ingila. Bature, Ba'indiye, ɗan Somaliya, ƙato mai gemu, tsohuwa mai sanda, da tsinken ya kai can ciki sai ka ga ido ya kawo ruwa. Wasu har haƙuri suke ba ni, wai ba kuka suke yi ba. Ni kuwa sai in yi murmushi a bayan takunkumi, don karin maganar kakata nake gani ƙiri-ƙiri: abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi.

A makarantar jinya an koya mana dalili. Jijiyar da ke cikin hanci ce take kai saƙo ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa ido ya zubo hawaye. Akwai ma wata siririyar kafa daga kusurwar ido zuwa hanci, shi ya sa mai kuka yake jan majina. Ka ga ke nan ido bai yi shawara ba. Haɗe suke tun halitta.

To ɗan'uwa, mu da muka bar gida, har yanzu haɗe muke?

Bara kawuna ya rasu a Kano, wanda ya biya min kuɗin jarrabawa lokacin da babanmu ba shi da hali. Ina zaune a kicin ina kuka, 'yata mai shekara goma sha huɗu ta shigo, ta ce min sannu da Turanci, ta koma kan wayarta. Wallahi raina ya ɓaci. Sai da dare na tambayi kaina: sau nawa ta gan shi? Sau ɗaya, tana goye. Sau nawa na miƙa mata waya su gaisa? Na taɓa ba ta labarin kuɗin jarrabawar nan? Ban taɓa ba. Yarinyar ba ta da laifi. Ni ce ban haɗa jijiyar ba, sannan na zo ina neman hawaye.

A gida ba sai an yi wannan aikin ba. Yaro yana tashi a tsakar gida ɗaya da 'yan'uwa, kwano ɗaya, suna da biki da zaman makoki duk a idonsa. A nan kuwa abin da ba ka ƙulla da hannunka ba, babu shi. Turawa kuɗi a ƙarshen wata alheri ne, amma yara ba sa gani.

Mu ma manya kada mu wanke kanmu. Wani ya je hutu gida yana hura hanci, yana shan ƙamshi, kwata ta dame shi, zafi ya dame shi, a unguwar da aka yanke masa cibi. Yaransa suna kallo, suna ɗauka. Yaya za su yi kuka don mutanen da suka ga ubansu yana toshe hanci a ƙofar gidansu?

Yanzu duk ranar Lahadi muna kiran Inna ta bidiyo, 'yata na gefena. Hausarta a karye take, Inna na yi mata dariya, ita ma tana yi. Makon jiya da Inna ta ce ƙafarta na ciwo, yarinyar ce ta tuna min in tambayi maganin da aka rubuta mata.

Kai ma yau ka miƙa wa naka wayar.