Ƙarfen Da Ke Cikin Taurari, Da Abin Lura Ga Masu Hankali

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ƙawata sama da taurari. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, a wannan mako za mu yi magana ne a kan wani fanni na ilmi wanda mutane da yawa suke ɗari-ɗari da shi, watau ilmin taurari. Da zarar an ambace shi sai hankalin wasu ya tafi wajen 'yan duba. Alhali kuwa malamanmu tun tuni sun raba shi gida biyu. Akwai ilmin tasiri, watau da'awar cewa tauraro kaza shi ke kawo arziki ko mutuwa, wannan haramun ne, ba shakka. Akwai kuma sanin tafiyar taurari da halittarsu, wanda da shi ake gane alƙibla da lokatai, wannan kuwa halal ne. A cikin kashi na biyu maganarmu take.

Tambaya ita ce, ta yaya ɗan Adam ya san abin da ke cikin tauraro, alhali bai taɓa zuwa can ba? Amsa ita ce, ta hanyar haskensa. Idan haske ya ratsa ta cikin gilashi mai kusurwa uku sai ya rarrabu launi-launi kamar bakan gizo. A cikin 1814 wani Bajamushe mai sana'ar gilashi, Joseph Fraunhofer, ya lura da baƙaƙen layuka fiye da 500 a cikin hasken rana da aka rarraba haka. A cikin 1859 da 1860 kuma waɗansu Jamusawa biyu, Kirchhoff da Bunsen, suka gane cewa kowane sinadari yana da nasa layukan, kamar yadda kowane mutum yake da nasa zanen yatsa. Saboda haka in an ga layukan ƙarfe a hasken tauraro, to akwai ƙarfe a jikinsa, ƙarfin layin kuma shi ke taimakawa a san yawansa. Ta wannan hanya aka ga alamar iskar hiliyam a rana cikin 1868, ba a same ta a bayan ƙasa ba sai 1895.

A cikin 1925 wata mace 'yar Ingila mai suna Cecilia Payne, wadda take karatu a Amurka, ta nuna cewa galibin jikin taurari iska biyu ne marasa nauyi. Ranarmu, alal misali, kusan kashi 74 cikin 100 na nauyinta haidirojin ne, kusan kashi 25 hiliyam, sauran abubuwa duka, da ƙarfe da kabon da oksijin, ba su kai kashi 2 ba.

To, wannan ɗan ragowa shi ne wurin lura. Masana sun ce sa'ad da aka fari halittar sararin sama, shekara wajen miliyan dubu 13 da miliyan 800 da suka wuce, babu kome sai waɗannan iska biyu da ɗan abin da ba a rasa ba. Sauran sinadarai a cikin taurari aka ƙera su. An yi cikakken bayanin haka cikin 1957, a wani rubutu na masana huɗu, Margaret Burbidge da mijinta Geoffrey, da William Fowler da Fred Hoyle. Tauraro kamar maƙera yake. Zafin cikinsa yana haɗa haidirojin ya zama hiliyam, hiliyam ya zama kabon da oksijin. Idan tauraron ya fi rana nauyi kamar sau 8 ko fiye, sai aikin ya ci gaba hawa-hawa har ya kai ga ƙarfe. A nan wutar take tsayawa, domin haɗa ƙarfe ba ya ba da zafi. Sai cikin tauraron ya rufta, ya fashe, ya watsar da abin da ya ƙera. Daga wannan ƙura da iska kuma ake halittar sababbin taurari.

Magabatanmu sun shaida fashewar tauraro da idonsu. A shekara ta 1006, watau 396 bayan Hijira, likitan nan na Masar, Aliyu ɗan Ridwan, ya ga wani sabon tauraro mai tsananin haske, ya kuwa rubuta bayaninsa, har yau masana suna amfani da abin da ya rubuta.

Daga nan ne aka sami hanyar karanta tarihin Majarra, watau farin zirin nan na taurari da ke ratsa sama a daren da babu farin wata, wanda ranarmu take ɗaya daga cikinsu. Tauraron da aka haifa da wuri ƙarfensa kaɗan ne, na baya kuwa ya gaji abin da na gabansa suka bari. A cikin 2014 masana a Ostareliya suka ba da labarin wani tsohon tauraro wanda rabon ƙarfe a jikinsa bai kai kashi 1 cikin miliyan 10 na rabon da ke jikin rana ba. Kaza da 'Ya'yanta kuwa, waɗanda Larabawa ke kira Surayya, shekarunsu wajen miliyan 100 ne kawai, ƙarfensu kuma kusan daidai da na rana.

Akwai kuma wani ma'auni da ya fi wannan kyau. Manyan taurari suna mutuwa da sauri, cikin 'yan miliyoyin shekaru, suna zubar da oksijin mai yawa. Amma mafi yawan ƙarfe yana fitowa ne daga fashewar waɗansu ƙananan taurari da suka riga suka tsufa, wadda takan zo a makare ƙwarai. Saboda haka in an tarar oksijin ɗin tauraro ya rinjayi ƙarfensa fiye da yadda yake a rana, sai a san tun da wuri aka haife shi. Da wannan awo, haɗe da lissafin tafiyar taurari da kumbon Gaia na Turai ya yi, masana suka bayyana cikin 2018 cewa wata ƙaramar tarin taurari ta shigo cikin Majarra ta narke, shekara wajen miliyan dubu 10 da suka wuce, 'ya'yanta kuma har yanzu ana gane su ta sinadaransu.

Ya ɗan'uwa, ka duba wannan hikima. Ƙarfen garmarka, da ƙarfen da ke cikin jininka wanda bai wuce giram 4 ba, duk an ƙera su tun ba a halicci ƙasa ba. Wanda ya san haka ina zai sami bakin girman kai?

Amma a nan wajibi ne mu ja kunne. Waɗansu masu wa'azi, da sun ji wannan labari, sai su ce ai abin da Suratul Hadid take nufi ke nan da saukar da ƙarfe, su yanke hukunci. A yi hattara. Duk wanda ya karanci Larabci ya san kalmar "anzala" ta zo a kan dabbobin ni'ima a Suratuz Zumar, ta zo a kan tufafi a Suratul A'araf, malaman tafsiri da yawa kuma sun fassara ta a nan da halittawa da tanadarwa. Binciken masana yakan canja in an sami sabon awo, maganar Allah kuwa ba ta canjawa. Wanda ya ɗaure aya da binciken yau, me zai ce wa almajiransa in an gyara binciken gobe? Ya ishe mu mu ɗauki abin a matsayin aya daga ayoyin halitta, waɗanda aka umarce mu da yin tunani a kansu.

Daga ƙarshe muna kira ga iyaye, kada su hana yaro karatun lissafi da kimiyya don tsoron zai ɓata. A ba shi tauhidi da farko, sa'an nan a sake shi ya nema. Abdurrahman as-Sufi, wanda ya wallafa littafinsa a kan taurari cikin 964, Musulmi ne, kuma da sunayen Larabci ake kiran taurari masu yawa har yau.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya tsare mu daga faɗin abin da ba mu sani ba a kan Littafinsa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.