Birki Amana Ne: Alhakin Wanda Ya San Aibi Ya Yi Shiru

Na san wata za ta ga kan maganar nan ta ce, "Yau kuma gareji aka koma? Ina ruwanmu da birki, ai wannan zancen maza ne." To 'yar uwa, ki ɗan yi haƙuri ki karanta. Idan maigida ne ke tuƙi, ke ce a gefensa, 'ya'yanki ne a kujerar baya. Ga motar da ke kwasar yara zuwa Islamiyya, ga ta ƙungiya da muke shiga zuwa wa'azi ko ziyarar asibiti. Balle yanzu da yawa daga cikinmu da kanmu muke tuƙi, mu saya mu sayar.

A ƙasashen da ake ƙera motoci akwai abin da ake kira kiranye. Idan kamfani ya gano wani aibi a motocin da ya riga ya sayar, wanda zai iya jawo asarar rai, doka ta tilasta masa ya sanar da hukuma, ya rubuta wa masu motocin takarda cewa su kai wa dillalansa a duba a gyara, kyauta. A ranar 9 ga Fabrairu 2010 kamfanin Toyota na ƙasar Jafan ya yi irin wannan kiranye ga motoci kusan 437,000 a faɗin duniya, yawancinsu samfurin Prius. Matsalar tana cikin kwamfutar da ke sarrafa birki. Idan motar ta hau hanya mai gargada ko mai santsi, direba ya taka birki, sai ya ji kamar ta ɗan saki na wani ɗan lokaci kafin ta kama. Gyaran bai kai awa ɗaya ba a wurin dillali.

Inda maganar ta tsaya mini a rai shi ne, tun ƙarshen watan Janairu kamfanin ya riga ya gyara wannan matsala a sababbin motocin da ke fitowa daga masana'anta, amma waɗanda suka riga suka saya ba a gaya musu komai ba, sai da koke ya yi yawa a Jafan da Amurka. Kin ga ke nan an sani. An gyara na gaba, an bar na baya suna yawo da iyalansu. Tsakanin ranar gyaran nan da ranar sanarwa 'yan kwanaki ne, amma duk wanda ya taka birkin nan a cikin kwanakin, ya taka ne bisa yardar da ya ba mutanen da suka san abin da shi bai sani ba.

Addininmu ya daɗe da yanke wannan hukunci. Imamu Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa mai albarka cikin tulin, ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, sannan ya nesanta mai algus daga kansa. Ki lura fa, mutumin nan bai buɗe baki ya yi ƙarya ba, kuma ba shi ya saukar da ruwan ba. Laifinsa kawai ya tsara kayansa yadda mai saye ba zai ga aibin ba. Shi ya sa duk wadda ta karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantar zaure za ta tuna cewa a babin ciniki an haramta algus da ɓoye aibin kaya. Idan danshin hatsi ya kai a yi wa mutum wannan tsawa, ina ga birki, wanda aibinsa ba a aljihu kaɗai yake tsayawa ba?

Sai dai kada mu ɗora komai a kan manyan kamfanoni mu wanke hannunmu. A watan Agusta na 2009, a kusa da birnin San Diyego na Amurka, wani jami'in 'yan sandan hanya ya kai motarsa gyara wurin dillali, aka ara masa wata Lexus ya yi amfani da ita kafin a gama. An shimfiɗa wa motar kafet ɗin da ba nata ba, ya danne totur, mota ta zura da gudu, birki ya kasa tsayar da ita. Shi da matarsa da 'yarsa da ɗan'uwan matar duk suka rasu. Da aka yi bincike sai aka gano cewa kwanaki kaɗan kafin nan wani mutum ya ari wannan motar, abin ya faru da shi, Allah Ya kuɓutar da shi, ya dawo ya faɗa wa ma'aikaciyar da ke karɓar baƙi a wurin. Maganar ba ta isa inda za a gyara ba. Magana guda ɗaya, 'yar uwa, ta maƙale a tebur, rai huɗu suka tafi. Daga baya, a 2014, Toyota ta amince ta biya gwamnatin Amurka tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye gaskiya game da matsalar totur a motocinta. Kuɗi ne masu yawa, amma ba su buɗe kabari.

Wata za ta ce wannan can ne. Ai motocinmu daga can suke zuwa. Yawancin abin da muke hawa na hannu ne, waɗanda muke ce wa Beljiyam ko 'yan Kwatano, sun yi shekaru a Amurka ko Turai kafin a loda su a jirgin ruwa. Takardar kiranye tana zuwa ne ga wanda sunansa ke rajista a can, ba ta bin mota zuwa Kano ko Maraɗi. Kuma a Amurka dokar tarayya ta hana dillali sayar da sabuwar mota mai kiranyen da ba a gyara ba, amma ba ta hana sayar da ta hannu ba. Don haka mota za ta iya tsallako teku da aibinta, ta sauya hannu uku, kowa yana ta yaba fenti da sanyin iyakwandishan. Abin da ya sauƙaƙa shi ne, tun 2014 hukumar kiyaye lafiyar motoci ta Amurka ta buɗe shafi a intanet inda za ki rubuta lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ki ga ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. Ɗanki ma zai duba miki a waya.

To idan kin duba kin gani, ko bakanike ya ce miki birkin nan akwai matsala, daga nan amanar ta dawo wuyanki. A nan ne muke fakewa da kalmomi masu kyau. "Allah na nan." "Abin da Allah Ya rubuta ba makawa." Gaskiya ne, amma Sayyidina Umar (RA) da ya ji annoba ta ɓarke a Sham komawa ya yi da jama'arsa, da aka ce ko yana gudun ƙaddara ne, ya nuna musu cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Haka Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah. Wadda ta karanta addu'ar hawa abin hawa alhali ta san birkinta ba ya ci, ta yi rabin aiki ta bar rabi. Kuma ko da za ta ce ranta ne, yaron da ke tsallaka titi da tiren talla fa? Wa ya nemi shawararsa?

Ban ce abu ne mai sauƙi ba. Akwai mai motar haya da in ya ajiye ta kwana biyu gidansa ba za a ɗora tukunya ba. Akwai bazawarar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu da mota ɗaya, tana so ta sayar ta biya kuɗin makaranta, ta kuma san in ta faɗi aibin farashi zai faɗi. Ina tausaya musu ƙwarai. Amma abin da za a rage mata a farashi, dama can ba haƙƙinta ba ne, kuɗin gyaran da mai saye zai yi ne. Kuma wannan dabarar ta 'yan kasuwa, wai "yadda ka gani haka ka saya", malamanmu na Malikiyya sun ce irin wannan sharaɗi ba ya wanke wanda ya san aibi ya ɓoye. Shi kuwa mai haya, ya fi masa ya ci bashin kuɗin gyara da ya ɗauki bashin rayukan fasinja. A nan ma ƙungiyoyinmu suna da rawar takawa, don adashen da muke yi na kayan ɗaki zai iya ɗaukar gyaran motar wata baiwar Allah.

Wani abu kuma da nake so mu gyara a tunaninmu: idan muka ji kamfani ya yi kiranye sai mu ce kayansa ba kyau. Ni kam na fi amincewa da wanda ya fito ya ce ku dawo da ita in gyara, bisa wanda ba a taɓa jin ya kira kowa ba. Haka bakaniken da ya ce miki "Hajiya, ba zan ba ki motar nan yau ba sai na canza kayan birki," kada ki yi masa faɗa don kina saurin zuwa biki. Ki biya shi, ki riƙe shi.

Ga shugabanninmu na rassa da ke da motar makaranta ko ta ƙungiya, ina ba da shawara a taro mai zuwa a sa wannan cikin ajanda. A ware mutum ɗaya, da sunanta a rubuce, wadda direba zai riƙa kai wa rahoto, a ba ta littafi tana rubuta ranar da ya yi ƙorafi da ranar da aka gyara. Idan kuwa ƙorafin na birki ne, makullin motar ya kwana a hannun Amira har sai bakanike ya duba.