KYAUTAR GARABASA: ALHERI CE KO BASHI?

Gabatarwa

Duk wanda ke riƙe da wayar hannu a ƙasar nan, ko a cikin garin Gumel yake ko a wani ƙauye na Gagarawa, da wuya mako ya zagayo bai ci karo da tallar garabasa ba. Wannan kamfani ya ce sa katin naira kaza ka ci mota. Wancan ya ce bi shafinmu na Facebook, ka tura wa mutum ashirin, ka sami buhun shinkafa. Jama'a su yi ta saye, su yi ta turawa. Ran da za a raba kyauta kuwa sai a ji shiru, ko kuma a ɓullo da wani sharaɗi wanda ba a taɓa ambata ba. In wani ya buɗe baki zai yi ƙorafi, abokansa ne za su fara yi masa dariya, su ce, "To kai me ka rasa? Ai kyauta ce, ba ka bin kowa bashi."

Wannan magana ita nake so mu ɗan tattauna a kanta. Shin mutumin da aka yi wa alkawarin kyauta a talla, ya cika sharaɗi, aka hana shi, an zalunce shi ko kuwa kwaɗayinsa ne kawai ya ja masa? In kuwa an zalunce shi, ina zai kai kukansa?

Kyauta da gyara

Kafin mu yi nisa ya kamata mu rarrabe abubuwa biyu waɗanda Bahaushe ya daɗe da rarrabewa. Akwai kyauta, watau abin da mutum ya ɗauka ya ba wani don Allah, ko don zumunci, ba ya jiran komai. Mai irin wannan kyauta in ya fasa, iyakar abin da za a ce ya yi rowa ko ya yi ƙaranta. Akwai kuma gyara. Mai karatu ya shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya tsaya wurin masu awo. In mai gero ya ce wa mai saye, "Auni tiya goma a wurina, ni kuwa in ƙara maka rabi," mai saye ya baro rumfar da ya saba, ya zo ya auna goma ya biya, to, rabin nan ya zama hakkinsa. In mai gero ya ɗaure bakin buhu ya ce ai alheri ya yi niyya kuma ya fasa, ba mai goyon bayansa a kasuwar, kuma in magana ta kai gaban Sarkin Kasuwa an san wanda za a ba rashin gaskiya. Dalili kuwa shi ne, rabin tiyar nan da ita aka sayi cinikin. Ba don ita ba da kuɗin na aljihun wani.

To garabasar kamfani wace ce a cikin biyun nan? Kowa ya san kamfani ba ya raba mota don neman lada. Yana yi ne domin wanda ke sa katin naira ɗari biyu ya koma sa na dubu, wanda ke shan lemon wani kamfani ya dawo nasa. A intanet kuwa har wanda bai fitar da ko kwabo ba ya biya wani abu. Ya ƙona datarsa, ya ba da lambar wayarsa da sunansa, ya kuma ɗauki mutuncinsa ya yi wa kamfani dillanci a wurin 'yan'uwansa ashirin waɗanda suka buɗe saƙon saboda sun yarda da shi. Aikin da kamfani zai biya gidan rediyo kuɗi masu yawa ya yi masa, shi ya yi shi a kan alkawari. Saboda haka garabasa gyara ce aka sa mata rigar kyauta, alkawarinta kuwa kaya ne a wuyan wanda ya ɗauka.

Abin da malamanmu suka ce

Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce a zaurukan karatu. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda kusan kowane almajirin fiƙihu a ƙasar Hausa ya ratsa, ya hana algus da yaudara da ɓoye aibi a cikin ciniki. Har ila yau fiƙihu yana da babin ji'ala, watau mutum ya yi shela cewa duk wanda ya yi masa aiki kaza zai ba shi lada kaza. Alal misali, raƙumin wani ya ɓace a kara, ya sa aka yi cigiya, ya yanka ladan wanda ya gano shi. Wanda ya kawo raƙumin ya cancanci ladan nan, ko da mai raƙumi bai taɓa saninsa ba. Malamai sukan kafa hujja da aya ta 72 ta Suratu Yusuf, inda mai shela ya sa ladan kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki.

Game da alkawari kuwa, Malikawa sun yi zurfin bincike, har Imamu Haɗɗabi, wanda ya rasu a 1547, ya keɓe littafi guda a kan abin da mutum ya lazimta wa kansa. Maganar da ta fi shahara a mazhabar ita ce, alƙali yana tilasta cika alkawari idan an rataya shi a kan wani dalili, kuma wanda aka yi wa ya riga ya shiga ɗawainiya saboda shi. Misalin da suke bayarwa shi ne, ka ce wa mutum ya rushe gidansa za ka ranta masa abin sake gini, shi kuwa ya rushe. A nan ba ka da damar janyewa. Mai karatu ya dubi wannan ƙa'ida, ya dubi saurayin Sule Tankarkar da ya tattara kuɗin aikin ƙodagonsa ya zuba a kati saboda an ce wanda ya kai adadi kaza zai sami babur. Gidansa ya rushe ke nan.

Wani zai ce ai yawancin garabasar nan caca ce, mai caca kuwa ba ya da bakin kuka. Gaskiya ne inda duk mutum zai biya kuɗi don a jefa sunansa cikin ƙuri'a kawai, malamai sun hana, kuma ya kamata a guje shi. Amma haramcin abin ba ya halatta wa kamfani kuɗin da ya karɓa. Cinikin da ya ɓaci, hukuncinsa a mai da wa kowa nasa.

Abin da kotunan Turawa suka yanke

A 1891 wani kamfani a Landan mai suna Carbolic Smoke Ball ya yi talla a jaridu cewa duk wanda ya shaƙi maganinsa sau uku kullum har mako biyu, sa'an nan mura ta kama shi, za a ba shi fam 100. Ya ƙara da cewa ya ajiye fam 1,000 a banki don a san da gaske yake. Wata mata, Uwargida Carlill, ta saya, ta shaƙa yadda aka ce, mura ta kama ta a Janairun 1892. Da ta nemi kuɗinta sai kamfani ya ce ai zaƙin baki ne irin na talla, kuma ba yadda za a ƙulla yarjejeniya da duniya baki ɗaya. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ƙi wannan hanzari a ƙarshen shekarar. Ta ce ana iya yi wa duniya duka tayi, wanda ya cika sharaɗi ya karɓi tayin ke nan, kuma kuɗin da aka ajiye a banki sun nuna ba wasa ake ba. Wannan hukunci har yau ana karantar da shi ga ɗaliban lauya a jami'o'inmu, domin Nijeriya ta gaji dokar yarjejeniya daga Ingila. Abin sha'awa shi ne yadda ya zo daidai da babin ji'ala.

Sai dai kotu ba kullum take share hawaye ba. A ƙasar Filifin a 1992 kamfanin Pepsi ya yi gasar lambobi a murfin kwalba, babbar kyauta feso miliyan ɗaya. Aka sanar da lamba 349, ashe bisa kuskure an buga ta a murafe dubu ɗaruruwa. Kamfani ya ce zai ba kowa feso 500 na haƙuri. Aka yi tarzoma har aka rasa rayuka, aka yi ta shari'a, sai a 2006 kotun ƙolin ƙasar ta wanke kamfanin. Shekara goma sha huɗu ke nan talaka na jira, ya tashi hannu rabbana.

Ina za a kai kuka a Nijeriya?

Tun 1992 aka kafa majalisar kare masu saye ta ƙasa, a 2005 kuma aka fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa kamfanoni yin rajistar garabasa kafin su fara. Dokar 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta maye gurbin majalisar da hukumar FCCPC. Dokar ta hana talla ta ƙarya ko mai ruɗarwa, ta kuma shimfiɗa wa wanda aka cuta hanyoyi. Yana iya fara tunkarar kamfanin, ko ya kai ƙara ga hukumar da ke kula da wannan fanni, ko ga FCCPC kanta, ko ya wuce kotu kai tsaye. In kamfanin waya ne, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, tana karɓar ƙorafi kyauta a lamba 622, kuma ita ce a Nuwamban 2012 ta dakatar da garabasar kamfanonin waya baki ɗaya na wani lokaci. Wanda ke zaton hukumomin nan ba su da haƙori ya tuna a 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki kuma ta tabbatar da tarar a 2025.

Shari'a kuwa sai da hujja. Tallar intanet ana goge ta cikin ƙiftawar ido, don haka mai hankali yakan ɗauki hotonta tun ranar farko, da sharuɗɗanta, da saƙon da aka turo masa, da shaidar biyan kuɗi. Ya kamata kuma a bambanta kamfani na gaskiya da ya saɓa alkawari, da 'yan damfara da suka ari sunan kamfani suka ce a turo kuɗin rajista ko lambar katin banki. Na biyun nan ɓarayi ne, maganarsu ta 'yan sanda da EFCC ce, kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta hau kansu.

Na bar shi da Allah

A nan ne gizo ke saƙa. Mutumin Maigatari da aka cuta naira ɗari biyar ya san kuɗin motar zuwa Dutse ya fi abin da zai karɓo, balle kuɗin lauya. Sai ya ce ya bar su da Allah. Shi kuwa mai yaudara da wannan haƙurin ya yi lissafinsa tun farko. Naira ɗari biyar daga mutum miliyan ɗaya naira miliyan ɗari biyar ce, kuma ya san a cikin miliyan ɗin da ƙyar goma za su yi magana.

Yafe abin da yake naka halin kirki ne, ba mai musun wannan. Amma wanda ya yi shiru a nan har da hakkin maƙwabcinsa ya yafe, wanda za a ɗana wa tarkon gobe, alhali ba a ba shi izini ba. Hukuma ba ta motsawa kan ƙorafi ɗaya, amma in ɗari suka taru a kan kamfani guda dole ta duba. Don haka a ganina kai ƙorafin nan yana kama da abin da malamai ke kira farilla ta kifaya: in wasu suka yi sun ɗauke wa saura, in kowa ya ƙi kowa na da kamasho a laifin. Wa ya fi cancanta ya ɗauka in ba mu da muka yi karatu ba? Ɗalibin da ya koma hutu Gumel ko Gagarawa yana iya tara mutum talatin na unguwarsu da abu ɗaya ya shafa, ya rubuta musu takarda guda, ya aika ta waya, ba tare da kowa ya hau mota ba.

Kammalawa

Ba na musun cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Ya kamata mu riƙa gargaɗin junanmu da wannan. Amma kwaɗayin wanda aka cuta ba ya wanke macuci, kamar yadda barin ƙofa a buɗe ba ya halatta sata. Kamfanin da ya yi shelar kyauta don a yi ciniki da shi, aka kuwa yi, bashi ya ci. Fiƙihu ya faɗi haka, kotu ta faɗa, masu awo a kasuwa ma sun sani. Abin da ya rage shi ne mu daina yi wa mai bin bashin dariya, mu taya shi tambaya. Allah ya sa mu dace, amin.