Shin Ɓata Lokaci Ne Neman Sanin Sunan Ƙwaro?

Akwai masu ganin cewa wanda ya ƙare rayuwarsa yana duban fikafikan ƙwari ya tozartar da baiwar hankali. Mu ba mu tare da su, kuma hujjarmu tana cikin gonakinmu.

Kowane manomi daga Maraɗi zuwa Damagaram ya san murzuna, tsutsar da ke zagaye zangarniyar hatsi tana yanke furen, ta bar hanya kamar murɗaɗɗiyar igiya. Kaɗan ne suka san uwarta. Wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai tashin dare, wanda ke fitowa daga ƙasa kamar wata guda bayan saukar damana, ya saka ƙwai bisa sabuwar zangarniya. A shekarar 1925 wani Bafaranshe mai suna Joannis, limamin Kirista ne ma, ya siffanta shi ya raɗa masa suna. A lokacin ba wanda ya damu da shi. Sai bayan farin 1973 ɓarnarsa ta bayyana a ƙasashen Sahel, masana suka koma ga wancan tsohon rubutu. Daga baya suka sake masa dangi, yau ana kiransa Heliocheilus albipunctella.

Me wannan rarrabewa ta amfana? Tsutsar da ke huda kara dabam take, cikin busasshen kara take wuce rani. Ita kuwa murzuna cikin ƙasa take kwanciya har wata damana. Saboda haka wanda ya haɗa su wuri ɗaya, ya ƙone kara don maganin murzuna, ya yi hasarar shinge da abincin dabbobi, maƙiyinsa kuma yana ƙarƙashin ƙafarsa.

A Suratul Baƙara an fifita Annabi Adamu da sanin sunayen abubuwa, kuma malamanmu sun sanya ilmin da al'umma ba ta wadatuwa ga barinsa cikin farilla ta kifaya. To, ina abin da ya fi hatsi zama dole gare mu? Gaskiya ne ba kowane ƙwaron da aka raɗa wa suna zai yi ɓarna ba, amma mai raɗin bai san wanne ne ba, kamar yadda Joannis bai sani ba.

Bayan an tantance murzuna ne masu bincike na INRAN a Maraɗi suka shiga kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro mai harbin tsutsar, ya saka ƙwansa bisa jikinta. Ana kai shi ƙauyuka cikin ƴan jakunkuna, a rataye kusa da gonaki lokacin fitar zangarniya.