Motar Da Ba A Turawa



Akwai wani aiki da ya ɓace a tsakaninmu ba tare da kowa ya yi masa sallama ba, shi ne turin mota. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san shi. Da sanyin asuba, musamman lokacin hunturu, batir ya yi sanyi, mota ta ƙi tashi. Mai ita zai leƙo ya ce, "Samari, a taimaka da turi." Ya sa ta a giya ta biyu, ya taka kuloci, mutum huɗu ko biyar su dafa bayanta. In ta ɗauki gudu sai ya saki kulocin, tayoyi su juya inji, ta yi tari ta kama. Ya ɗago hannu ta taga ya yi godiya, kowa ya kaɗe hannunsa ya kama gabansa. Ba a biyan ko sisi.

Yawancin motocin da ke cika hanyar Kubwa da ta Nyanya a yau masu canza giya da kansu ne. Tsakanin injinsu da giyarsu mai ne yake ɗaukar ƙarfi, babu farantin kulocin da zai haɗa su kai tsaye. Don haka ko mutum goma suka tura, tayoyi ne kawai za su gangara, inji ba zai juya ba. Mota irin wannan in ta ƙi tashi, sai a nemo wani batirin ko a kira bakanike a waya.

Ba turi kaɗai ya tafi ba. Da yawa daga cikinmu da Peugeot muka shigo garin nan, wadda muke kira Fijo, daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, a biyo ta Kaduna a sauka Zuba. A Kakuri ta Kaduna aka fara harhaɗa ta a 1975, kafin ma Janar Murtala ya yi shelar sabon babban birni a Fabrairun 1976, kuma da ita aka yi ta jigila har gwamnati ta tare a nan a Disambar 1991. Ku tuna abin da ke jikin motocin wancan zamani. Akori-kura 404 kujerar gabanta doguwa ce kamar benci, giya tana jikin sitiyari, ana zama mutum uku a wadace. Gilashi da hannu ake murɗa shi, kuma yawanci a ƙasa yake saboda zafi. Akwai cok da ake ja da safe, akwai kafireto da bakanike zai kwance a gindin bishiya ya wanke da fetur ya hura ya mayar. Bamba ta ƙarfe ce, har wata motar takan sa hanci ta tura 'yar uwarta. Akwai kaset na wa'azi ko na Shata da duk motar ke saurare tare. Safaya cikakkiyar taya ce, ana ma ara wa maƙwabci in zai yi doguwar tafiya.

Yanzu mabuɗi ya koma maɓalli. Gilashi yana sama, sau da yawa mai duhu, iska mai sanyi tana ciki, ƙofofi suna kulle kansu da an fara tafiya. Bamba ta zama roba. Kafireto ya ba wa ƙwaƙwalwar mota wuri, kuma in wata fitila ta kama a gaban direba, a garejin Apo ma sai an jona na'ura ta karanto ciwon. Wasu sababbin ko safaya babu, sai 'yar ƙarama ta kai ka wurin faci.

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, don haka mu yi adalci. Motar yau ta fi ta jiya tsare rai. Tana da birkin da ba ya kulle taya a kan santsi, da jakar iska da ke fashewa ta tare ƙirji, kuma ba ta shan mai kamar ta da. Bel ɗin da muke ɗaurawa, wani injiniyan kamfanin Volvo mai suna Nils Bohlin ne ya fito da shi a 1959, kamfanin kuma ya bar sauran kamfanoni su yi amfani da shi kyauta don a ceci rayuka. Wurin zuba tokar sigari ma ya ɓace daga motoci da yawa, wannan kam Alhamdu lillahi. Suratun Nahli ta ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a matsayin abin hawa da ado, sannan ta nuna cewa Allah zai halitta wasu da ba a sani ba. Sauƙi ni'ima ne, kuma ba za mu ce wa kowa ya sayar da motarsa ya nemo kwarakwatsa don neman lada ba.

Amma ga tambayar da ta sa muka ɗauki biro. Tsohuwar mota tana da rauni, raunin nan kuwa shi ne yake tilasta wa mai ita ya san mutane. Alhajin da ya san gobe da asuba zai iya buƙatar turi ba zai wuce samarin layinsu bai gaishe su ba. Wanda gilashinsa yake ƙasa ba shi da hanyar kauce wa sallamar dattijon da ke tsaye a bakin titi. To da motar ta daina buƙatar mutane, sai gaisuwar ta ragu, rage hanya ma ya ragu. Shin ke nan abin da muke kira kirkin mutanen da, kirki ne na gaske, ko kuwa dole ce, ƙanwar na ƙi?

Wani zai ce ai amsar a fili take: buƙata ce kawai, da ta kau sai halin kowa ya fito. Mu dai ba mu gamsu da wannan ba. Babu wani hali nagari da ɗan Adam ya fito da shi daga ciki a kammale. Yaro da tilas ake tashinsa sallar asuba, a hankali ta zame masa jiki, har ya girma ya riƙa tashin wasu. A kasuwa ma haka ne. Yaron shago yakan fara riƙe amana don tsoron maigida, daga baya ya riƙe ta ko maigida yana Makka. Buƙata malama ce. Tsohuwar mota ta koya wa unguwanni taimakon juna kamar yadda rijiya ɗaya take koya wa gidaje goma haƙuri da layi. Kirkin na gaske ne, sai dai yana da abin da yake tuna masa kullum.

Abin da ya canza shi ne mai tunin ya tafi, hakkin kuwa yana nan inda yake. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Arba'una ta Imam Nawawi, wadda yaranmu suke haddacewa a Islamiyya, ya lissafa taimaka wa mutum ya hau dabbarsa ko a ɗora masa kayansa a cikin sadakokin da ake so a kowace rana. Imam Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Sa'id cewa a wata tafiya Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai rarar abin hawa ya ba wanda ba shi da shi. A tafiyar Badar raƙuma wajen 70 ne ga mutum sama da 300, ana karɓa-karɓa, shi ma kansa yana saukowa ya taka. Babu inda aka ce wannan umurni ya tsaya ga wanda yake tsoron gobe shi ma zai nema. Asali ma malamanmu sun koya mana cewa aiki yana tafiya ne da niyyarsa. Wanda ya tsaya ya ɗauki maƙwabci alhali ya san motarsa ba za ta taɓa neman turi ba, niyyarsa ta fi kuɓuta daga lissafin ba ni in ba ka. Don haka muna ganin zamanin nan ya fi na da wuyar jarrabawa, kuma muna fata ya fi shi lada.

A Abuja kuwa maganar ta fi nauyi. An tsara garin nan ne don mai mota. Talaka yana kwana a Gwagwa ko Karmo ko Dei-Dei ko Mararraba, abincinsa yana Wuse ko Garki. An hana acaɓa shiga tsakiyar birni tun 2006, ƙananan bas-bas ma aka hana su a 2013. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Akwai masu gadi da masu shara da 'yan dako a unguwar nan da kuɗin mota yake cinye musu kaso mai tsoka na abin da suke samu. Ku tsaya bakin titi da ƙarfe bakwai na safe ku ƙirga motocin da ke fita da mutum ɗaya a ciki, kujera huɗu babu kowa, ga jama'a a tsaye rana ta fara dukansu. Waɗannan kujeru su ne rarar abin hawa a zamaninmu.

Mun san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: tsoro. 'Yan wan-cans sun ɓata hanya. Fasinja yana tsoron motar da bai sani ba, mai mota yana tsoron fasinjan da bai sani ba. Addini bai ce mutum ya jefa kansa cikin halaka ba, kuma ba mu ce kowa ya tsaya wa baƙon fuska a ƙarƙashin gada da tsakar dare ba. Amma fa a duba da kyau. Mutumin da kuke sahu ɗaya da shi a sallar asuba ba ɗan wan-cans ba ne. Malamar da take koyar da 'yarka ba baƙuwa ba ce. Mai shayin bakin layi ka san shi shekara goma. In tsoron ɓarawo ya kai mu ga rufe gilashi a fuskar waɗannan, to ɓarawon ya sace mana abin da ya fi waya da jakar kuɗi. Mu da muka baro garuruwanmu, ba mu da dangi a nan da suka wuce juna. In ciwo ya kama yaro da ƙarfe biyun dare, Kano ta yi nisa, ƙofar maƙwabci ce a kusa.

Saboda haka ga 'yan shawarwari, kowa ya ɗauki wadda zai iya.

Na farko, bayan sallar asuba mai fita da mota ya faɗa a ƙofar masallaci inda ya nufa da lokacin da zai tashi. Wanda ya samu wuri, in yana da hali ya sa wani abu a kuɗin mai, kada ya mai da alheri haraji a kan mai shi. Ya kuma kiyaye lokaci, kada ya tsayar da wanda ya taimake shi.

Na biyu, kowane mai mota ya ajiye wayar jona batir da igiyar ja da jak mai kyau a but ɗinsa. Malaman tafsiri sun ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa abin da Suratul Ma'un take zargin masu hana shi ya haɗa da ƙananan kayan aro irin su guga da tukunya da gatari. Wayar batir ita ce gugar hanya. Turi ya wuce, amma minti biyar na jona batir yana yin aikin da samari biyar suke yi a da.

Na uku, in ka shigo layin unguwa ka rage gudu, ka sauke gilashi. Sanyin da zai fita bai kai sallamar da za ta shigo daraja ba. Dattawa suna lura da wanda yake yi da wanda ba ya yi, yara kuma suna koyo.

Na huɗu, a samu mutum uku ko huɗu masu mota da za su yarda a san lambarsu don larurar dare, haihuwa ko rashin lafiya, a riƙa karɓa-karɓa don kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya. In kuma aka tarar da haɗari a hanya, a ajiye ɗaukar hoto, a kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122, a taimaka da abin da aka iya.

Ga 'yan uwanmu kanikawa da masu sayar da motoci 'yan Kwatano kuma, kalma ɗaya. A da mai mota yana ganin ciwon motarsa da idonsa, yanzu sai abin da na'urarku ta faɗa, ku kuma kuka fassara masa. Duk lokacin da mai saye ya kasa gani da kansa, amanar da ke wuyan mai sayarwa ta ninka. Kada a ce an canza abin da ba a canza ba, kada a mayar da lissafin tafiyar mota baya don ta yi tsada.

Masu ƙera motoci a Japan da Jamus aikinsu shi ne su yi motar da ba ta neman taimakon kowa, kuma kullum suna ƙara kusantar haka. Ba su da laifi, sana'arsu ce. Riƙon maƙwabci ba ya cikin kayan da suke ɗaura wa mota, wannan aikin mai mota ne. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, kuma wanda Allah Ya ba taya huɗu ya fi kowa ikon kai ta inda ake buƙata.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, Ya sa abin hawanmu ya zama shaida a gare mu ranar gobe, kada ya zama shaida a kanmu. Wanda bai da shi Allah Ya hore masa na halal. Amin.