Baƙuwar Tantabara

 A wannan wata labarin wata tantabara za mu ba ku. Kada kuwa wani ya ce Fasto ya rasa abin faɗi, sai ya ji ƙarshen zancen tukuna.

Da kaka, ran wata Talata da sassafe, muka tarar da ita a gindin rumbu bayan majami'a, fiffikenta na hagu yana jan ƙasa. Da jan zare ɗaure a ƙafarta, watau tana da mai ita. Yaran gida suka ce a kawo wuƙa, gama nama ne ya kawo kansa. Uwargida ta hana. Muka kife ta da tsohon kwando, muka zuba mata gero, muka sa ruwa a kasko. Kwana uku ba ta amince da mu ba. Ran na huɗu ta ci a tafin hannunmu. A nan ne muka lura da abin da ba mu taɓa kula da shi ba: kaza takan kurɓi ruwa ta ɗaga kai sama, amma tantabara takan tsoma baki ta zuƙa har ta ƙoshi. Shekarunmu arba'in da 'yan kai muna ganin tantabaru, ashe ba mu taɓa dubansu ba.

Muka yi cigiya a unguwa da kasuwa, ba wanda ya ce tasa ce. Bayan wata guda fiffiken ya warke, amma sai ta hau katanga ta takure ita kaɗai, cin ma ya ragu. Allah bai yi wannan tsuntsuwa domin zaman kaɗaici ba.

Can gabas a Jihar Yobe, a Dagona kusa da Gashuwa, akwai fadama da hukuma ta keɓe domin tsuntsaye, inda waɗansu sukan zo tun daga Turai lokacin hunturu su huta, an kuma hana farautarsu. Mu a nan ba mu da irin wannan. Abin da muke da shi wani dattijo ne Musulmi a bakin gari, wanda ya jera tsofaffin tukwane a jikin bango, tantabaru suna shiga suna fita. Wurinsa muka kai ta.

Ya juya ta a hannu, ya dubi zaren, ya ce, "Fasto, wannan ba ɓata ta yi ba. Tantabara ba ta manta gida. In ka ga ta kwana a gidan wani, to, nata gidan ne ya watse." Muka ce, "Baba, kana samun irinta da yawa?" Ya ce tun da mutanen ƙauye suka fara gudu bai rasa baƙi a tukwanensa ba. Shi kansa daga ƙasar Bukkuyum ya taso.

Sa'an nan ya tuna mana da agwagi. Ku da kuke nesa, bari mu gaya muku. A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara mutuwa a waɗansu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ba wanda ya damu. Wa zai kai ƙarar mutuwar agwagwa gaban hakimi? Ba a jima ba yara ƙanana suka fara amai da jijjiga, suna mutuwa. Aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, bai yi aiki ba. A watan Maris na shekarar likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mutuwar, daga baya bincike ya nuna gubar dalma ce. Mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida, suna dakawa, suna niƙawa a injin, dutsen kuwa cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki, ta sauka a kududdufi inda agwagi suke kiwo. A Dareta, da Abare, da 'Yargalma, da Bagega, da waɗansu ƙauyuka, yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Aikin Bagega ma bai samu ba sai 2013.

Dattijon ya ce, "Mun ga gawar agwagi, muka ce annobar kaji ce, muka wuce."

Ba mu faɗi wannan domin mu ɗora wa iyayen nan laifi ba. Talauci ne ya kai su ga dutsen, ba su kuwa san abin da ke cikinsa ba. Da mu ne, da mun wuce kamar yadda suka wuce. Abin da ya soke mu a zuci ke nan: Allah ya bar alama a fili, amma ta yi ƙanƙanta a idon mutum.

Ku buɗe Matta sura 10. Ubangijinmu Yesu ya ɗauki tsuntsun da ya fi kowane araha a kasuwa, ya koya wa almajiransa cewa faɗuwar ko ɗaya daga cikinsu ba ta ɓoyu ga Uba ba. Mun saba karanta wurin nan domin ta'aziyyar kanmu, daidai ne kuwa, gama domin haka aka faɗe shi. Amma in Uba yana lura da abin da ya faɗi ƙasa, yaya 'ya'yansa za su tsallake shi? Cikin Kubawar Shari'a sura 22 har sheƙar tsuntsu Allah ya yi wa doka, ya hana a kama uwa tare da 'ya'yanta. Cikin Littafin Firistoci sura 12 ya karɓi tantabara daga hannun macen da ba ta da ikon kawo ɗan rago, Luka kuma ya shaida mana cewa hadayar matalauta ɗin nan ce Yusufu da Maryamu suka kai haikali saboda Mai-cetonmu. Kurciyar Nuhu kuma, sa'ad da ta yi shawagi ta rasa wurin sauka, Nuhu bai tsaya yana kallo ba. Hannu ya miƙa ya shigo da ita.

To, ina masu tantabarar nan? A watan Janairu 2022 'yan bindiga suka fāɗa wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suka kashe mutane da yawa, dubbai suka gudu. Ba shi ne na fari ba, ba shi ne na ƙarshe ba. Waɗansunsu suna kwana a kangaye da rumfunan kasuwa. Mun yi wata guda muna jiyyar tsuntsuwa, ba mu taɓa tambayar sunan matar da take zama da 'ya'ya uku a bakin rijiyarmu ba. Wannan kunya tamu ce, mun kuwa furta ta gaban dattawan ekklesiya. Yanzu matan zumunta suna zagawa biyu biyu suna rubuta sunayen baƙin da ke unguwa, Kirista ko Musulmi, kowane gida kuma yana kawo mudun hatsi ran Lahadin farko na wata. Bai isa ba. Muna roƙon kowace ekklesiya da ke karanta wannan ta aiki mutum biyu cikin makon nan su duba ko wanene yake kwana a waje kusa da ita.

Ran Asabar da ta wuce muka koma wurin dattijon da ɗan gero a ƙunshe. Ya kwance zaren da ya ɗaure mata fiffike da shi, gama ta sami miji, ta yi ƙwai biyu a tukunya ta uku daga ƙofa. Namijin ne yake kwanci da muka isa, ita tana kan bango. Muka miƙa hannu da gero, ta karkata kai ta dube mu, ba ta sauko ba. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Kada ka ji haushi, Fasto, ta yi gida." Jan zaren ƙafarta kuwa ya ce ba zai cire ba, ko mai ita zai zo wata rana.